Agogon Na'urata Yana Yin Baya Da Zafi: Kiristal, DS3231, TCXO Ko OCXO?

"Assalamu alaikum Injiniya. Na haɗa wa masallacin unguwarmu a Sakkwato agogon da ke nuna lokutan salla, yana kuma buga ƙararrawa idan lokaci ya shiga. Da farko Arduino Uno kaɗai na sa, ina ƙirga lokaci da millis, sai ya riƙa kaucewa da mintoci a kwana ɗaya. Na ƙara masa DS1307, abin ya yi sauƙi, amma duk wata sai ya yi baya da kusan minti 2, kuma da bazara ya fi lalacewa. A akwatin ƙarfe yake, manne da bango, ƙarƙashin rufin kwano. So nake ya shekara bai kauce da fiye da minti 1 ba. In sayi TCXO ko OCXO in jona wa maikurokantirolar kai tsaye, ko akwai hanyar da ta fi? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, Malam. Amin, kai ma Allah ya ba ka ladan hidimar masallaci.

In na fahimce ka, buƙatu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya: agogon da bugunsa ya yi daidai tun ranar da aka kunna shi, da agogon da zafi da sanyi ba sa karkatarwa. Kowanne da abin da ke haddasa shi, kowanne kuma da gyaransa. Ga inda zan sauka tun yanzu: kada ka sayi OCXO (kiristal da ake riƙewa a 'yar tanda mai zafi ɗaya) ko TCXO na daban (kiristal mai gyara wa kansa tasirin zafi), kada kuma ka taɓa abin da ke tafiyar da Arduino ɗin kansa. Abin da aikinka yake so shi ne DS3231 na asali, aisin (IC) riƙon lokaci irin DS1307 amma mai gyaran zafi a cikinsa, ka auna shi ka saita, ka janye akwatin daga bakin kwano, sannan ka samar masa wata majiya daga waje da za ta riƙa gyara masa zama lokaci-lokaci. Amma tunda da hannunka kake haɗawa, gara ka san dalili.

Mu mayar da koken zuwa lissafi

A wannan sana'a da ppm ake auna agogo, wato kashi nawa cikin miliyan bugunsa ya kauce. Kwana ɗaya sakan 86,400 ne, saboda haka kaucewar ppm 1 tana tara sakan 0.0864 a kwana, kusan sakan 2.6 a wata, sakan 31 da rabi a shekara. Wannan na ƙarshen ya kamata ka haddace: ppm 1, rabin minti a shekara. Minti 1 a shekara da kake nema ke nan bai cika ppm 2 ba. Minti 2 a wata da DS1307 ɗinka yake yi kuwa kusan ppm 46 ne. Tazarar da ke tsakaninka da burinka ta fi ninki 20.

Abin da ya same ka da farko ba abin mamaki ba ne. A allon Uno na asali ba kiristal ke tafiyar da ATmega328P, wato maikurokantirolar allon, ba, wata 'yar rezoneta ce ta tangaran mai MHz 16. Dogon gwangwanin nan mai sheƙi da ido ke fara kaiwa kansa na ƙaramin aisin da ke kula da USB ne. Irin wannan rezoneta an yarje mata kaucewar kashi 0.5 cikin 100, wato ppm 5,000, wanda zai iya kai wa minti 7 a kwana. Agogon da ke cikin aisin kansa, wanda rizista da kafasita ke samar da bugunsa, shi ya fi kowa sakaci: daga masana'anta alkawarinsa kashi 10 cikin 100 ne, in ka zauna ka saita shi ya sauko kashi 1, wanda har yanzu minti 14 ne a kwana. Ba wai ba su da amfani ba ne. Magana da kwamfuta ta UART tana jure saɓanin kusan kashi 2 cikin 100, kunna fitila da karanta maɓalli kuwa ba ruwansu. Riƙon lokaci ne ba aikinsu ba.

Manhaja ma tana da nata laifin. In ka rubuta delay na sakan 1 sannan ka ƙara wa ƙirge ɗaya, duk lokacin da sauran aikin ya ci tsakanin zagaye da zagaye ya tafi a banza. Wasu manhajojin fitilun nuni, musamman na WS2812, suna rufe ƙofar katsewa (interrupt, hanyar da bugu ke dakatar da aisi ya saurare shi) yayin da suke tura bayani, sai millis, mai ƙirga milisakan a Arduino, ya riƙa rasa bugu bai sani ba. Kada kuma wani ya ce maka PLL, da'irar da ke ƙara wa aisi gudu, zai gyara. Ninka bugu kawai yake yi, yana ninka kuskuren tare da shi: kiristal mai kaucewar ppm 30 a MHz 8, in aka ninka shi zuwa MHz 72, ppm 30 ɗin tana nan.

Me zafi yake yi wa kiristal

Kiristal ɗan yanki ne na dutsen kwatz wanda ke karkarwa idan aka ba shi wuta, yana kuma fitar da wuta idan ya karkara. 'Yan'uwan nan biyu, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a Faransa a 1880, kuma a 1927 aka haɗa agogon kwatz na farko a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. Tun lokacin aka gane cewa yadda zafi yake taɓa kiristal ya danganta da kusurwar da aka yanko shi daga uwar dutsen, da kuma siffar da aka ba shi.

Iri biyu za ka riƙa cin karo da su. Masu MHz, irin 8 da 16 da 20, yawanci yankan AT ne. Su zafi yana iya ɗan ƙara musu sauri ko ya rage, gwargwadon yadda yankan ya faɗa, amma na kirki yakan tsaya cikin ppm 10 zuwa 30 a duk faɗin yanayin da aka rubuta masa. Na biyu shi ne ɗan siririn gwangwanin da ke gefen DS1307 ɗinka, mai bugu 32,768 a sakan. An zaɓi wannan adadi ne don in ka raba shi biyu sau 15 zai ba ka bugu ɗaya cif a sakan. Cikinsa ɗan yanki ne na kwatz mai ƙaho biyu, wutar da yake ci kuma ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa batir ɗaya yake shekaru. Sai dai don agogon hannu aka tsara shi, inda jikin mutum ke riƙe shi kusa da ɗumi ɗaya dare da rana.

Ɗabi'arsa ita ce: yana kan ganiyar saurinsa a kusan digiri 25, in ka kauce daga nan, sama ko ƙasa, baya zai yi. Ba ya sauri don zafi, ba ya sauri don sanyi. Lissafin kuwa ba a miƙe yake ba. Ka ɗauki tazarar da ke tsakanin zafin wurin da digiri 25, ka ninka ta da kanta, ka ninka da 0.034, ka sami ppm ɗin da zai yi baya. A digiri 35 ppm 3.4 ne kacal. A 45 ya zama 13.6. A 55 ya haura 30, a 60 ya kusa 42. Da asubar hunturu in sanyi ya sauko digiri 15, ppm 3.4 ne dai. Ka ga ke nan mu a nan sanyi bai dame mu ba, zafi ne abokin gaba, kuma duk digirin da aka ƙara a sama ya fi na bayansa ɓarna.

To mu gwada da akwatinka. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa, ga kwano a sama, ga taransifoma ko caja da fitilun nuni suna ƙara nasu daga ciki. Mu ɗauka, a matsayin misali, cikin akwatin yana yin awa 8 a digiri 55, sauran awa 16 a digiri 35. Matsakaicin zai ba ka kusan ppm 12 da rabi, wato kimanin rabin minti a wata. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, bazara tana ƙara masa nauyi. Amma cikin ppm 46 ɗinka, zafi bai ɗauki fiye da rubu'i ba, ko sulusi in an matsa. Saura fa?

Kafasita, inda yawancin laifin yake

Kiristal ba shi da bugu guda tsayayye. An yanka shi ne don ya ba da adadin da aka rubuta a jikinsa idan yana ganin wani takamaiman nauyin kafasita a ƙafafunsa. Kamar kalangu ne a hammatar makaɗi: fatar ɗaya ce, amma gwargwadon matsar da aka yi wa igiyoyin, gwargwadon muryar da za ta fito. In nauyin ya fi wanda aka tsara masa sai ya yi baya, in ya gaza sai ya yi sauri.

DS1307 yana da kafasitocinsa a ciki, kuma kiristal mai neman pF 12.5 yake so. A kasuwa kuwa akwai masu neman 6, da 7, da 9, duk gwangwaninsu iri ɗaya, galibi ba rubutu. In aka liƙa masa mai neman 6, kaucewar za ta iya kusan kai wa ppm 100. Ko da an sa na daidai, alkawarin kamfani a digiri 25 yawanci ppm 20 ne sama ko ƙasa, ga tsufa da ke ƙara masa ppm 3 zuwa 5 a shekarar farko. Sai dogayen layuka a kan allo, da ragowar man dalma da ba a wanke ba, da ƙurar hunturu da ta sha laimar damina ta kwanta tsakanin ƙafafu. Wannan da'ira da 'yar mitsitsiyar wuta take aiki, datti kaɗan ya ishe ta. Idan aka kawo mini allo irin wannan, kafin in zargi yanayi nakan wanke wajen kiristal ɗin da sifirit, in bar shi ya bushe, in sake awo.

Ga wanda yake zana allonsa da kansa ya sa wa maikurokantirola kiristal, lissafin kafasitoci biyun nan shi ne: ka cire abin da layukan allo da ƙafafun aisi suke ƙarawa da kansu, kusan pF 3 zuwa 5, daga nauyin da takardar kiristal ta nema, sannan ka ninka biyu. Mai neman 18 zai so kusan 27 ko 28 a kowace ƙafa. Al'adar liƙa 22 a ko'ina ta samo asali ne daga kwafar zanen wani, tana sa kiristal ya tashi amma ba ta sa shi ya yi daidai. Kafasitocin su zama nau'in C0G, wanda ake kira NP0, domin X7R ita kanta zafi yana canja mata ƙima. Kada kuma ka ɗora tsinken na'urar awo a ƙafar kiristal ka ce kana auna shi. Tsinken yana da nasa pF 10 ko fiye, ka canja abin da kake aunawa ke nan, mai 32,768 ma yana iya tsayawa cak. Fitar da bugun ta wata ƙafa: CLKO a ATmega328P, MCO a STM32, SQW a su DS1307.

Kana iya gyara duk wannan, ka kuma cire ragowar a manhaja, amma sai zafi ya dawo da ppm 12 ɗinsa duk bazara. Burinka ppm 2 ne. DS1307 ba zai kai ka ba.

DS3231

Wannan aisi na kamfanin Maxim ne, wanda Analog Devices ya saye a 2021. Kiristal ɗinsa a cikin jikinsa yake, tare da ma'aunin zafi. Duk bayan sakan 64 yana auna zafin, ya duba jadawalin da aka zuba masa a masana'anta, ya ƙara ko ya rage nauyin kafasitocin cikinsa don ya mayar da bugun wurinsa. Wato TCXO ɗin da kake tambaya a kai ne, an riga an haɗa shi da ma'ajiyar kwanan wata da mazaunin batir. Alkawarin takardarsa ppm 2 ne tsakanin digiri 0 da 40, ppm 3.5 kuma daga nan har 85 ga mai harafin SN. Adireshinsa a layin I2C, wayoyi biyun da yake magana da Arduino ta kansu, ɗaya ne da na DS1307, 0x68, don haka wayoyinka ba za su canja ba, manhajar ce za ka ɗan taɓa.

Lura da iyakar nan ta 40. Muddin akwatinka yana wuce ta, abin da aka lamunce maka ppm 3.5 ne, kusan minti 2 a shekara in abu ya yi muni. A aikace na asali yakan fi alkawarinsa kyau, amma ba a gina aiki kan sa'a.

Wajen saye ka karanta rubutun da ke jikin aisin. DS3231SN shi ne mai kiristal. DS3231M wani ne daban, ɗan ƙaramin abu na silikon ke karkarwa a cikinsa, ya fi jure faɗuwa da girgiza, amma alkawarinsa ppm 5 ne. Masu sayarwa sukan tura kowanne da suna ɗaya. Akwai kuma jabu da waɗanda aka ciro daga tsofaffin na'urori. Cikin alluna masu araha na ga waɗanda suka auna lafiya lau, na ga waɗanda suka yi nesa da abin da takarda ta ce, kuma ido ba ya rarrabewa, sai awo.

Shuɗin allon nan da ya cika kasuwa, mai rubutun ZS-042, yana da tarko. An sa masa rizista mai ohm 200 da dayod don cajin batir mai karɓar caji, LIR2032. In ka sa masa CR2032 na gama-gari ka ba shi wuta volt 5, zai riƙa ɗura wa batir ɗin cajin da ba a yi shi dominsa ba, har ya kumbura. Cire rizistar ko dayod ɗin da ƙarfen narka dalma, shi ke nan.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne ka raba aiki. Bar rezonetar Uno ta ci gaba da tafiyar da manhaja, lokaci kuma ya zama na DS3231 shi kaɗai. Saita ƙafar SQW ta riƙa ba da bugu ɗaya a sakan, ka kai ta ƙafa ta 2 ta Uno a matsayin katsewa, duk bugun da ya shigo ka karanta lokaci ka sabunta nuni. Ƙafar tana buƙatar rizistar da za ta ja ta sama, kodayake yawancin alluna sun zo da ita. Duk sanda na'urar ta tashi, ta fara duba alamar OSF a rajista 0x0F, ɗaya daga cikin ma'ajiyoyin bayani na cikin DS3231. In a ɗage take, agogon ya taɓa tsayawa ke nan, gara nuni ya rubuta gargaɗi da ya tashi unguwa sallar asuba da ƙarfe ɗayan dare. Ka kuma goge layin nan da ke cikin misalan manhaja, mai saita agogo da lokacin da aka harhaɗa ta a kwamfuta. In ka bar shi ba sharaɗi, duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo, agogon zai koma wancan ranar.

Saitin da zai kai ka ƙasa da minti 1

A rajista 0x10 akwai wurin gyaran tsufa. Kowane mataki ɗaya kusan ppm 0.1 ne a digiri 25. Adadi mai ƙari yana rage gudu, mai ragi yana ƙarawa. Hanya mafi araha ba ta son komai sai haƙuri: daidaita shi da wayar da ke karɓar lokaci daga intanet, a kan sakan, ka bar shi kwana 30 a wurin da zai zauna. In ka tarar ya yi gaba da sakan 3, raba 3 da 2.6, ka sami kusan ppm 1.2, sai ka rubuta 12. Gyaran zai fara aiki a awon zafi na gaba.

In kana da ɗan allon GPS, irin NEO-6M na u-blox, aikin wata guda ya koma na rabin awa. Yana da ƙafa mai suna PPS da ke ba da bugu ɗaya a sakan, wanda ya samo asali daga agogon atam da ke cikin taurarin ɗan'adam, kuskurensa kuma a 'yan gomiyoyin nanosakan yake. Kai PPS ƙafa ta 3, SQW tana ta 2, ka riƙa auna tazarar da ke tsakanin bugun biyu da micros. Ba tazarar ce abin dubawa ba, yadda take rarrafe ne. In ta canja da maikurosakan 100 cikin sakan 1,000, kaucewarka ppm 0.1 ce. Daɗin wannan dabara shi ne rashin daidaiton rezonetar Uno bai cika shiga lissafin ba, muddin tazarar da take aunawa gajeriya ce, don haka ka fara saita agogon har bugun biyu su kusanci juna. Ni a lokacin da wurin ya fi zama a yawancin yini nake yin wannan awo, ba da sanyin safiya a ɗaki mai fanka ba.

Saitin ba na har abada ba ne. Takardar DS3231 ta yarda da tsufan ppm 1 a shekarar farko, har zuwa 5 cikin shekara 10. Ka sa a ranka duk shekara, kafin azumi misali, za ka sake dubawa.

Majiya daga waje

Kuskuren da mutane za su gani a fuskar agogo abu biyu ne aka ninka: ppm ɗinsa, da tsawon lokacin da ya yi ba a gyara shi ba. Kowa na farkon yake bi da kuɗi, alhali na biyun ya fi araha. DS3231 a mafi munin halinsa, ppm 3.5, sakan 2 kawai zai tara a mako. Ko DS1307 ɗinka da ke hannu, in ana daidaita shi duk mako, ba zai kai rabin minti ba.

Saboda haka in da hali, bar GPS ɗin a cikin na'urar. Ba sai ya kwana a kunne ba, ta riƙa tada shi sau ɗaya a mako ta karɓi lokaci ta kashe. Abubuwa uku za ka kiyaye. Kwano yana tare saƙon tauraro, dole eriyar ta leƙa waje ko ta zauna a taga. Rubutaccen saƙon da ke ɗauke da awa da minti yana isowa ne bayan sakan ɗin ya riga ya fara, don haka karanta shi ka ajiye, ka ƙara sakan 1, ka rubuta wa DS3231 daidai kan bugun PPS na gaba. Sannan lokacin GPS yana gaban lokacin duniya na UTC da sakan 18 tun farkon 2017, kuma allon da ya daɗe a kashe yana iya ɗaukar har minti 12 da rabi kafin ya sauko da wannan gyara daga tauraro. Kada ka yi saurin gaskata abin da ya fara faɗa. Bayan nan sai ka ƙara awa 1, tunda Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa 1 duk shekara.

Inda akwai Wi-Fi, ESP32 zai ɗauko lokaci daga intanet ta NTP da kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai dai in ya shiga barci mai nauyi, agogon cikinsa mai rizista da kafasita yake komawa, wanda yake yawo sosai da zafi, don haka shi ma ka haɗa shi da DS3231. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ƙirga bugun wutar lantarki, 50 a sakan, yadda wasu agogon rediyo suke yi. A Turai ma, inda ake tsare wannan adadi, saɓanin wuta tsakanin Sabiya da Kosovo a farkon 2018 ya sa irin waɗannan agogai sun yi baya da kusan minti 6. Ballantana inda yanzu NEPA, anjima janareta, da dare inbata.

Yaushe TCXO ko OCXO ke da amfani a jikin aisin kansa

Idan abin da kake so shi ne bugun da kansa ya yi daidai kowane lokaci, ba ƙarfe nawa ba. Na'urar auna yawan bugu, mitar wuta, rediyo. A MHz 868 kaucewar ppm 1 ta zama Hz 868, shi ya sa LoRa, rediyon tura bayani zuwa nesa, idan hanyarta ƙunƙunta ce take neman TCXO. Nan za ka samu masu ppm 0.5 zuwa 2.5, suna cin kusan miliamp 2. In wata rana aiki ya kai ka can, kula da irin bugun da yake fitarwa. Da yawansu ƙaramin bugu ne da bai kai volt 1 ba, wanda ba zai motsa XTAL1, ƙafar da aisi ke karɓar bugu ta nan, ba, nemi mai fitar da CMOS, wato cikakken bugu daga sifili zuwa ƙarfin wutarsa. Ko shi ɗin, mai volt 3.3 bai cika wa ATmega328P da ke kan volt 5 sharaɗi ba, tunda kusan 3.5 yake nema. Kuma daga ranar da ka canja fiyus ɗin aisin, wato saitin cikinsa da ke zaɓar majiyar bugu, zuwa agogon waje, ba zai ƙara amsa maka ba sai da bugu a wannan ƙafa.

OCXO shi ba ya gyara wa zafi lissafi, kulle kiristal yake yi a 'yar tanda, ya riƙe shi a zafi ɗaya da ya fi na waje, sau da yawa digiri 70 zuwa 80 da wani abu. Yana sauka zuwa kashi kaɗan cikin biliyan. Farashin haka shi ne kusan watt 1 ko fiye dare da rana, ninkin wannan yayin da yake ɗumama, da mintocin jira duk sanda aka kunna. Watt 1 na kwana guda ya fi ƙarfin CR2032 guda 30, alhali DS3231 a kan batir bai wuce maikuro-amp 3 ba. Wurinsa turakun sadarwa da ɗakin gwaji, inda wuta ba ta yankewa. Ranar da batir ɗin masallaci ya mutu, duk wannan daidaito ya tafi.

Akwai kuma masu gyara zafin a manhaja: a manna ma'aunin zafi a jikin kiristal, a yi lissafin nan na 0.034, a riƙa biyan bashin sakan ɗin da ya taru. STM32 da yawa suna da rajistar da ke gyara agogonsu da matakin kusan ppm 1. Yana aiki, amma ganiyar kowane kiristal tana iya faɗawa ko'ina tsakanin digiri 20 da 30, sai ka auna naka a zafi uku aƙalla. A digiri 55 kuma, kuskuren digiri 1 a ma'auni ppm 2 ne. Ga mai ƙera dubbai yana neman rage kuɗi, ya cancanci wahalar. Ga na'ura ɗaya, a'a.

Iyakar abin da agogo zai iya

Duk alƙaluman da na kawo na gama-gari ne, takardar abin da ka saya ita ce alƙali, awon da ka yi a wurin kuma ya fi takardar. Sannan agogo mai kyau ba zai gyara jadawali mara kyau ba. Duk digiri 1 na tazarar gabas da yamma minti 4 ne a lokacin rana. Kano tana gabas da Sakkwato da fiye da digiri 3, don haka jadawalin Kano a masallacinku zai yi gaba da kusan minti 13, wanda a buɗa-baki ba ƙaramin abu ba ne. Tabbatar da lambobin wurin da ka zuba a manhajar. Hanyar lissafin alfijir da isha, da 'yan mintocin ihtiyaɗi, wannan na liman da malaman unguwa ne, ka kai musu su duba.

Akwatin kuma ka sauko da shi daga kusa da kwano, ka kauce wa bangon da ranar yamma ke duka, ka huda masa ƙofofin iska sama da ƙasa da raga saboda ƙura da ƙwari, ka nisanta DS3231 daga rigiletar wuta da fitilun nuni. Aisin zai gaya maka ko ka yi nasara: zafin da ya auna yana rajista 0x11 da 0x12, da kuskuren da bai wuce digiri 3 ba. Sa manhajar ta riƙa ajiye mafi girman adadin kowace rana. In yana tsayawa kusa da 40, kana cikin alkawarin ppm 2. In yana taɓa 60, batir ɗin ne zai fara ba ka matsala kafin kiristal, domin yawancin CR2032 iyakarsu ke nan ko sama kaɗan. A irin wannan wuri nemi BR2032, wanda ya fi jure zafi, ya kuma shiga mazauni ɗaya.